Matar da Ke Cire wa Yara Igiyar Takalmi

Ƙarfe bakwai saura kwata take sauka daga mota a ƙofar asibiti, da tsohuwar jakarta a hammata. Maigadi ba ya duba jakar, don ya san abin da ke ciki tun yana sabon zuwa: tabarau, ƙaramin filas na shayi, da hulunan saƙa biyu ko uku. Takan ratsa sashen gaggawa, ta wuce masu karaya da masu ƙuna da waɗanda aka kwaso daga haɗarin mota, har ƙarshen baranda, inda akwai wani ɗaki da mutane ba sa son a gan su a bakinsa. Nan ake kai yaron da ciwonsa ba na jini ba ne, ba kuma na ƙashi ba: wanda ya yi yunƙurin halaka kansa, wanda ya kwana huɗu bai runtsa ba yana jin muryoyi, wadda ta daina ci ta daina magana. Nan zai zauna har likitan ƙwaƙwalwa ya zo, har a samar masa gado a ɗakin kwanciyar yara, in an samu.

Kafin ta karɓi aiki takan zagaye ɗakin da tafin hannu. Ta shafa ƙarƙashin katifa, ta shafa bakin taga, ta leƙa bayan ƙofa. Sannan ta jawo kujerarta, wata ta katako mai ɗingishi, ta dasa ta a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje. Shi ke nan, sai ƙarfe shida na yamma. Ba ta allura, ba ta rubuta magani, ba ta da farar riga. Aikinta kada ta ɗauke ido daga kan yaro. Shekara ashirin da shida tana wannan zama, har sunanta na yanka ya ɓace a asibitin, likita da mai shara duk Inna Mai Kujera suke ce mata.

Na san wani zai taɓe baki ya ce zama ma aiki ne? Mai faɗin haka Allah bai jarrabe shi ba, kuma ina masa fatan kada ya jarrabe shi. Ni dai na gani da idona, domin kafintan da zan ba ku labarinsa ɗan ƙanina ne.

Ranar wata Talata da hantsi aka kira shi yana shago. Matarsa ce. Autarsu, 'yar shekara goma sha huɗu, ta sha abin da bai kamata ba. Likitocin gaggawa suka yi nasu, aka ɗibi jini, aka yi ƙarin ruwa, zuwa azahar aka ce jiki ya tsira. Kafinta ya yi hamdala ya fara neman takalminta, a zatonsa gida za su. Sai aka nuna masa ƙarshen baranda.

Har lokacin jakar aikinsa na rataye a kafaɗarsa, bai ma san da ita ba. Inna ta tare shi a ƙofa.

"Baban yarinya, jakar nan a nan za ta tsaya."

"Kayan aikina ne, Iya. Guduma ce da zarto."

"Shi ya sa. Kawo har fensirin da ke bayan kunnenka."

Ya miƙa. Ta karɓi waya da cajarta daga hannun uwar. Ta kwance wa yarinyar ɗankwali, kafin kanta ya sha iska ta ɗora mata hular saƙa. Sannan tsohuwar nan, da gwiwoyinta masu ƙara, ta durƙusa a gaban Auta.

"Sannu, 'yata. Zan cire miki igiyar takalmi. Ba don kin yi laifi ba, duk wanda ya shigo nan haka nake masa. Ni na cire, ni zan mayar miki da hannuna ranar da za ki fita."

Dokar asibiti dai cewa ta yi a karɓe duk wata igiya. Ba ta ce a durƙusa ba. Wasu kan tsaya a kan yaro su ce cire ka ba ni, su jefa a kwando. Inna ce ta ƙi. Ta ce yaron da ya riga ya yarda ba shi da daraja, ba za ta ƙara masa da umarni daga sama ba.

Ƙullin ya ƙi kwantuwa. Ta ɗago ta dubi yarinyar ta saman tabarau.

"Wa ya koya miki wannan ɗauri, kamar za a ɗaure katako a bayan mota?"

Tun safe Auta ba ta ce wa kowa uffan ba. Ta ɗan motsa leɓe.

"Baba."

"Ai na ga alama."

Ta sa igiyoyin a ambulan, ta rubuta kwanan wata, ta jefa a aljihun teburinta.

Kafinta ya shiga ya tsaya, idonsa na mai sana'a ya soma yawo. Babu ƙusa ko ɗaya a bango. Babu maratayi. Ƙofa ba ta da sakata. Taga ba ta buɗewa fiye da yatsu huɗu. Gado a manne yake da ƙasa. Da fari a ransa ya zagi wanda ya yi aikin, ya ce ragon banza, ko wurin rataye riga bai bari ba. Can sai ya gane ba lalaci ba ne. Wani ne ya zauna ya yi tunanin duk abin da yaro zai iya yi da ƙusa, ya cire ta. Kuma a wannan ɗaki aka ga ya dace a sa 'yarsa. Ya sulale ya zauna a ƙasa.

Ku iyaye, ku ji abin da ke jiranku a wurin nan, don ba wanda zai faɗa muku a ƙofa. Na farko jira ne. Likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ne, yara da yawa. Sun shiga da azahar, bai iso ba sai bayan la'asar. A wannan tsakanin ne dangi suka taru a baranda suka yi abin da dangi suka saba. Ƙanwar uwar ta rage murya.

"In ya zo ku ce kuskure ne. Ku ce kanta ke ciwo, ta sha ba ta duba ba. Yarinya ce, tana da gaba. In maganar nan ta fita, har makarantarsu sai an nuna ta da baki."

Kowa ya gyaɗa kai, har ni, ba zan ɓoye ba. Inna tana kan kujerarta, idonta a cikin ɗaki, kunnenta a baranda. Ba ta juyo ba ta yi magana.

"Baban Auta, matso. In aka kawo maka ƙofa gara ta cinye cikinta, mai ita ya rantse fenti kawai take so, ya kake yi?"

"Ina ƙwanƙwasawa in ji."

"To likita ba shi da inda zai ƙwanƙwasa sai bakinku. In kun ce kuskure ne, yana iya sallamarta yau, ni kuma ba ni da ikon hanawa. Sunanta zai fita lafiya. Ita ce ban sani ba."

Da likita ya zo, ya ce iyaye su ba shi wuri, zai gana da yarinya ita kaɗai. Uwar ta tayar da ƙayar baya, ta ce 'yarta ba ta da sirrin da ya wuce ta. Inna ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa da kujera. Ta cikin ƙofar suka jiyo tambayar, ba kwana ba lanƙwasa: kin yi niyyar mutuwa? Yanzu fa, niyyar tana nan? Kafinta ya zabura.

"Iya, wannan ai koya mata yake yi."

"Zauna. Tunanin ya riga ku zuwa nan. Shi dai ne mutum na farko da bai ji tsoron tambaya ba."

Da likita ya kira Kafinta, ya faɗi gaskiya. Ya faɗi takardar da uwar ta tsinta a ƙarƙashin filo. Ya faɗi watanni uku da yarinya ta yi tana dawowa daga makaranta ta shige ɗaki ta sa sakata, su kuma suna cewa girma ne ya zo. Ya faɗi yadda ta rabar wa 'yan uwanta kayanta suna ta yabon kyautarta. Likita ya ce sai an kwantar da ita. Sannan ya ƙara da abin da ya saba ƙarawa: babu gado.

Kwana uku suka yi a ɗakin nan marar ƙusa. Fitila ba ta mutuwa, ƙofa ba ta rufuwa, ko banɗaki yarinya za ta shiga sai Inna ta tsaya a bakinsa da ƙafa ɗaya a ciki. A rana ta biyu Auta ta fara magana sosai, kuma ba mai daɗi ba.

"Ke tsohuwar nan, ba ki da aikin yi ne sai kallon mutane?"

"Aikin ke nan. Har riga suka ɗinka min saboda shi."

"Ba ki da 'ya'ya a gida?"

"Sun girma, sun gaji da kallona. Ke ce sabuwa."

Uwar ta yunƙura za ta tsawatar, Inna ta ɗaga mata hannu. Daga baya ta ce mata a baranda, "Bar ta ta zage ni. Mai zagi yana nan tare da mu. Wanda ya yi shiru yana murmushi yana cewa komai lafiya, shi nake tsoro."

A rana ta uku haƙurin Kafinta ya ƙare. Ya ce wannan ba jinya ba ce, kurkuku ne, ko magani ba a fara ba. A kawo takarda ya sa hannu ya tafi da 'yarsa. Nas ta kawo takardar. Inna ba ta roƙe shi ba. Ta ce ya zo ya jawo mata aljihun tebur, ya kakare. Ya ja, ya buɗe. Ambulan Auta na sama. A ƙarƙashinta akwai wasu, sun tsufa sun yi ja, an ɗaure su da roba.

"Waɗannan fa?"

"Na waɗanda iyayensu suka sa hannu suka tafi cikin fushi, ba su tsaya na mayar ba. Goma sha tara ne."

"Ina yaran?"

"Bakwai na ji labarinsu." Ta gyara robar. "Sauran ina dai ajiye musu."

Ya mayar wa nas da biro. Washegari gado ya samu.

Inna, ke ce wadda ba a taɓa kiran sunanta a taron yabon ma'aikata ba. Ke ce aka tofa wa yawu, aka ciza, aka kira mayya, kika goge kika koma kan kujera. Shayinki ya huce sau dubu a filas don ba ki yarda ki sunkuya ki zuba ba alhali yaro na juya miki baya. Ba ki taɓa ce wa uwa komai zai yi daidai ba, don kin san ba kullum yake yi ba, kuma kin fi ƙarfin ki sayi kwanciyar hankalin mutum da ƙarya. Mai durƙusa wa 'ya'yan wasu. Iyakar kirarin da zan yi miki ke nan, ya kuwa ishe ki.

Bayan sati biyu aka sallami Auta. Inna ta roƙi wata ma'aikaciya ta riƙe mata ƙofa, ta hau bene zuwa ɗakin kwanciyar yara da ambulan, ta durƙusa ta zura igiyoyin rami bayan rami, ta yi ƙulli mai sauƙi. Likita ya ba su takardar abin da za su kiyaye, da ranar dawowa, da lambar da za a kira. Inna ta juya wa Kafinta takardar zuwa yarensa.

"Ka yi akwati mai kwaɗo. Duk wani magani da duk wani abu mai kaifi na gidan ya shiga ciki. Makulli ɗaya, a jikinka. Sakatar ɗakinta kuma ka cire. Satin farko da na biyu su ne mafi haɗari, kada ganin tana dariya ya ruɗe ku."

Ya yi akwatin da katakon da ya fi kowane kyau a shagonsa. Ya cire sakatar da shi da kansa ya kafa mata ranar da ta cika shekara goma sha biyu, tana murna ta zama babba. Komai ya bi. Abu ɗaya ne ya gagare shi. Mahaifiyarsa tana zaune tare da su, tsohuwa mai shan magani safe da yamma, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta jira kowa ba.

"Ni da na haife ka, sai na jira ka dawo daga shago kafin in sha maganina? Jikar tawa ce za ta yi min sata?"

Ya yi bayani, ta juya masa ƙeya, ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa. Wane ɗa ne zai jure wannan? Ya je ya yanko mata makulli na biyu. Ita kuwa ta ajiye shi inda take ajiye komai, ƙarƙashin filo. Wata huɗu bayan nan Auta ta kai ga makullin, suka sake ratsa barandar, Kafinta ya wuce masu karaya da masu ƙuna kansa a ƙasa, yana jiran Inna ta wanke shi tas. Ta dube shi, ta dubi yarinyar, ta miƙa hannu ta zare fensirin daga kunnensa.

"Ka kawo ta da rai. Shiga."

Ba zan yi muku ƙarya ba, ciwon nan ba ya jin sallama. Yakan tafi har a manta, ya dawo ranar da aka yi wanki aka share gida. Tsohuwar da ta karɓi makulli ba ta ƙara cin abinci da daɗi ba. Kafinta ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Juma'ar da ta wuce ita ce ranar Inna ta ƙarshe, shekarun ritaya sun cika. An tambaya wa zai gaje ta, aka ce ba za a ɗauki kowa ba. Za a kafa na'urar ɗaukar hoto a kusurwa, nas kuma za ta riƙa leƙawa duk bayan minti goma sha biyar. Da aka faɗa mata, cewa kawai ta yi, "Minti goma sha biyar," ta cire tabarau ta goge.

Kafinta ya so ya yi mata abin sallama. Tun ranar farko ɗingishin kujerar nan ke cin ransa. Ya nemi izini ya ɗauke ta ranar Laraba da yamma, ya gyara ta da turakun katako da gam, bai sa mata ƙusa ko ɗaya ba, don ya san ɗakin da za ta koma. Ranar Juma'a da safe zai kai mata. Yana ɗaura kujerar a bayan babur, Auta ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da takalminta a ƙafa.

"Baba, abin ya dawo. Ban yi komai ba. Ka kai ni wurin Inna."

Haka suka iso, uba da 'ya da kujera. Inna ta ji bayani, ta daɗe tana kallon yarinyar.

"Da ƙafarki kika zo?"

"Da babur."

"Ji min 'yar nema. To a shekara ashirin da shida, ke ce ta huɗu da ta kawo kanta."

Ta durƙusa ta cire igiyoyin. Likita ya zo da la'asar, ya yaba wa yarinyar, ya ce sai an kwantar, ya ce babu gado. Abokan aikin Inna suka kawo lemo da biskit baranda, don ta ƙi barin ƙofa ta je ofis a yi mata walima. Shida saura kwata ta miƙe, ta dafa kujerar, ta girgiza ta. Ko motsi.

"Ka iya aiki, Baban Auta. Amma ba zan tafi da ita ba, ta ɗakin ce. Zauna."

"Ni, Iya?"

"Na roƙa maka, sun yarda, uba na iya zama. Ja ta baya kaɗan, rabi ciki rabi waje. Kada ka zura mata ido a fuska, hannuwanta za ka riƙa kallo. Kada ka yi mata wa'azi. In ta zage ka, ka gode wa Allah. In za ka tashi, ko na minti ɗaya ne, sai uwarta ta zauna tukuna."

Ta buɗe aljihun tebur ta kwashe tsofaffin ambulan ɗin ta zuba a jakarta. Sabuwar kuma ta miƙa masa.

"Ranar da za ta fita, kai za ka mayar. Ka durƙusa. Kuma ban da ɗaurin katako."

Auta tana zaune a kan gado ta rungume gwiwoyi. Muryarta ta fito siririya.

"Inna, ke kika ce wadda ta cire ita ke mayarwa."

Tsohuwar ta tsaya da jaka a hammata. Na ga ta juyo ta dubi yarinyar.

"Na faɗa, 'yata. Wannan karon na saɓa miki."

Ta juya ta bi barandar, ba ta waiwaya ba, kuma na san dalili.

Inna Mai Kujera, mun gode. Madadin waɗanda suka fita da igiya a takalminsu suka girma suka manta fuskarki, da madadin goma sha taran da ke cikin jakarki, Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyinki hutu. Ku kuma masu iko da asibitoci, na'ura ba ta durƙusawa, ba ta jin abin da dangi ke ƙullawa a baranda. Ku nemo mutum ku ɗora a kujerar nan. Matasa masu neman aikin da za a tafa musu, ga wanda ba a tafawa, ku zo ku koya tun mai shi tana da rai. Iyaye, ku faɗa wa likita gaskiya, ku jure jira, makulli kuma ya zama ɗaya ko wa zai yi fushi.

Yau kwana biyar. Gado bai samu ba. Shagon Kafinta a rufe yake, masu aiki sun gaji da kira. Na je da safe na same shi a bakin ƙofa, rabi ciki rabi waje, ambulan a aljihun gaban rigarsa. Na yi masa sallama ya amsa, bai juyo ya dube ni ba. Idonsa na kan hannuwan 'yarsa.